Yadda ake gyara kuskuren bit biyu maƙwabta a memori da kan layin sadarwa

Ciro sandar RAM mai ECC, wato mai gyara kuskure, irin DDR4 daga sabar kwamfuta ka ƙirga cif ɗin da ke jikinta: tara za ka gani, ko goma sha takwas, ko talatin da shida, ba takwas ko goma sha shida ba. Ƙarin yana ɗauke da bit 8 na gadi a kan kowane bit 64 na bayani, jimilla 72. Da waɗannan takwas ɗin ake gyara bit ɗaya idan ya juya, a kuma gane idan biyu suka juya, amma gyaran biyun ya fi ƙarfinsu. Sunan tsarin SEC-DED: SEC shi ne gyara kuskure ɗaya, DED kuma gane kuskure biyu. Richard Hamming ne ya aza tushensa a Bell Labs a 1950, sai M. Y. Hsiao na kamfanin IBM ya fitar da fasalin da aka fi ginawa yau a 1970.

Tsarin ya ɗauka kowane bit shi kaɗai yake kuskurensa, babu ruwansa da na kusa da shi. A da haka ne. Yanzu ɗakunan ajiyar bit sun ƙanƙance sun matsu da juna, har ƙwayar niyutron ɗaya da ta faɗo daga sama, ko ƙwayar alfa da ta fito daga kayan da aka rufe cif ɗin da su, kan juya bit biyu ko uku da ke jere. A kan waya ma haka abin yake: tartsatsin wuta ba ya zaɓar bit ɗaya ya bar na gefensa. Wannan bayani na 'yan'uwa ne da ke karatun injiniya a Dahran da Jidda da Riyad, masu gina memori a kan FPGA, cif ɗin da mai shi ke tsara da'irarsa da kansa, da masu kula da sabar ko layin sarrafa famfo da inbata. Abin da za mu gina sunansa SEC-DED-DAEC, wato wanda ya ƙara da gyara bit biyu idan maƙwabta ne. Ba ya cin ƙarin bit na gadi ko ɗaya, amma yana da kuɗin da ake biya ta wata ƙofa, kuma wannan kuɗin ne ya fi kamata a lissafa tun kafin a rubuta layin farko na Verilog, harshen da ake rubuta da'ira da shi.

Fara sanin wa ke maƙwabtaka da wa

Bit na 5 da na 6 a cikin kalma ba lallai ba ne su zama maƙwabta a jikin siliko. Yawancin SRAM, memori mai sauri da ke cikin cif, ana saƙa kalmomi huɗu ko takwas a layi ɗaya: bit na farko na kalma ta ɗaya, sai na farko na ta biyu, na ta uku, na ta huɗu, sannan a dawo kan bit na biyu na kalma ta ɗaya. Idan saƙar huɗu ce, ƙwayar da ta juya ɗakuna uku a jere ta taɓa kalmomi uku ne, kowacce bit ɗaya, kuma SEC-DED na yau da kullum zai gyara su duka. A irin wannan memori DAEC ba shi da aikin yi, illarsa kawai za ka kwasa.

Don haka matakin farko ba lissafi ba ne, karatun takardar bayanin memorin ne. Nemi adadin saƙar ginshiƙai. Idan huɗu ne ko fiye, tsaya kan SEC-DED. Inda DAEC ke da riba shi ne wuraren da saƙa ba ta yiwuwa ko ta yi tsada: rijistocin cikin firosesa, memorin CAM da TCAM na na'urorin rarraba intanet inda ake kwatanta kalma gaba ɗayanta a lokaci guda, ƙananan ma'adanai marasa zurfi, da wayoyin bas da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna yi wa juna kutse. A sandar DRAM kuwa maƙwabtaka ta cif ce: cif mai faɗin bit 4 idan ya mutu, bit huɗu ne ke tafiya tare, kuma maganin wannan shi ne tsarin da IBM ta kira Chipkill a 1997, ba DAEC ba.

Wurin da na'urar za ta zauna ma yana cikin lissafi. Ma'aunin JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin cif, ya ɗauki kimanin niyutron 13 masu ƙarfi a kowane murabba'in santimita cikin awa ɗaya a birnin New York, daidai da bakin teku. Saudiyya ta fi kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, inda maganaɗisun ƙasa ya fi kare mu, don haka Jidda ba ta kai wannan adadi ba. Amma tudu yana ninka shi, kuma na'urar da aka kafa a Abha, sama da mita 2,200, ko a Ɗa'if, tana shan ninki da dama na abin da irinta ke sha a bakin Bahar Maliya.

Ƙaramin tsari da za ka iya bi da biro

Kafin bit 72, gwada bakwai. Wannan daga dangin tsarin da Norman Abramson ya wallafa ne a 1959. Bit uku na bayani, huɗu na gadi. Kowane gurbi, daga 0 zuwa 6, ana ba shi lambar shaida mai bit huɗu, wadda ake kira ginshiƙinsa a jadawalin H:

gurbi 0: 0001
gurbi 1: 0010
gurbi 2: 0100
gurbi 3: 1000
gurbi 4: 1101
gurbi 5: 0111
gurbi 6: 1110

Gurbi 0 zuwa 3 na masu gadi ne, 4 zuwa 6 na bayani. Haɗawa a nan XOR ne, wato 1 da 1 su ba da 0, ba a ɗaukar komai a kai gaba. A ce bayanin 101 ne, gurbi 6 da 4 ke da ɗaya. Haɗa 1110 da 1101, ka sami 0011, su ne bit ɗin gadi. Kalmar da za a ajiye, daga gurbi 6 zuwa 0, ita ce 1010011.

Wajen karantawa sai ka haɗa ginshiƙan duk gurbin da ka tarar da ɗaya a ciki. Abin da ya fito shi ne sindirom, alamar ciwon. Idan 0000 ne, lafiya lau. Idan ya yi daidai da ginshiƙin wani gurbi, wannan bit ɗin ne ya juya. Yanzu juya gurbi 4 da 3 tare, kalmar ta koma 1001011. Ɗaya na gurbi 6, 3, 1 da 0. Haɗa 1110 da 1000 ka sami 0110, ƙara 0010 ya zama 0100, ƙara 0001 ya zama 0101. Wannan kuwa shi ne haɗin ginshiƙi na 3 da na 4, kuma babu wasu maƙwabta biyu da ke ba da shi. Na 0 da 1 suna ba da 0011, na 1 da 2 0110, na 2 da 3 1100, na 4 da 5 1010, na 5 da 6 1001. Sai mai warwarewa ya juya 4 da 3, kalma ta dawo yadda take.

Dokokin da suka sa ya yi aiki uku ne. Kada ginshiƙi ya zama sifili ko ya maimaita wani. Yawan ɗaya a kowane ginshiƙi ya zama wutiri, ɗaya ko uku ko biyar, domin haɗin wutiri biyu kullum shafa'i ne, ta haka kuskure biyu ba zai taɓa shigar burtu ya zo a kamannin kuskure ɗaya ba. Wannan dabarar Hsiao ce. Ta uku ita ce ta DAEC: haɗin kowane maƙwabta biyu ya bambanta da na sauran maƙwabta duka.

Inda ake biyan kuɗin

Koma kan 1010011, wannan karon ka juya gurbi 2 da 0, waɗanda ba maƙwabta ba ne. Kalmar ta zama 1010110. Lissafa sindirom: 1110 da 1101 su ba da 0011, ƙara 0100 ya zama 0111, ƙara 0010 ya zama 0101. Alamar ɗazu ce sak. Mai warwarewa ba shi da hanyar bambancewa, zai juya 4 da 3, ya miƙa 1001110, ya ce ya gyara. Bayanin da ke 101 ya koma 100. Abin takaicin ma, kuskuren asali a kan bit ɗin gadi kawai ya faɗa, bayanin lafiyarsa ƙalau kafin a taɓa shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. SEC-DED da bai san DAEC ba da ya ɗaga tuta ya ce kuskure biyu ne, kada a amince da kalmar nan, manhaja ta sake ɗaukowa daga faifai ko ta tsaya. A ƙaramin tsarinmu, cikin hanyoyi 21 da bit biyu za su iya juyawa, 6 maƙwabta ne na zahiri, uku ne masu alamar 1111, wato gurbi 6 da 0, 4 da 1, 5 da 3, sauran 12 kuwa kowannensu yana faɗawa kan alamar wasu maƙwabta.

A babban tsari abin bai kai haka muni ba, amma bai yi daɗi ba. Da bit 8 na gadi akwai sindirom 256. Rabi wutiri ne, 128. Shafa'i, ban da sifili, 127. Kalma mai bit 72 tana da maƙwabta 71, don haka 71 cikin 127 sun tafi wajen gyara, saura 56 na ɗaga tuta. Hanyoyin juyewar bit biyu 2,556 ne, 2,485 daga ciki ba maƙwabta ba. Idan suka bazu daidai a kan alamu 127 ɗin, kusan kashi 56 cikin 100 za a yi musu gyaran ƙarya a shiru. Ga kalma mai bit 32 da gadi 7, lissafin 38 ne cikin 63, kashi 60. Ga mai 16 da gadi 6, 21 cikin 31, kusan kashi 68. Harafin DED da ke cikin sunan, ka ga, rabin gaskiya ne.

Ƙara bit ɗaya na gadi yana raba haɗarin biyu: da 9, maƙwabta 72 ne cikin alamu 255, kusan kashi 28, da 10, 73 cikin 511, kusan 14. A FPGA wannan kan zo a ɓagas, saboda tubalan memori suna zuwa da faɗi tsayayye, sau da yawa akwai bit ɗin da ke zaune banza. Ra'ayinmu shi ne, idan na'urar ta shafi kuɗi ko lafiyar mutane, kada a saka DAEC a kan gadi 8 kawai. Bayanin da ya ɓace aka san ya ɓace ya fi wanda ya gurɓata yana yawo da shaidar lafiya.

Gina na bit 64

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Abramson. Ɗauki x^7 + x^3 + 1, wanda masu aiki da katin SD suka sani a matsayin CRC-7, ka ninka shi da x + 1. Za ka sami x^8 + x^7 + x^4 + x^3 + x + 1, a lambar heks 0x19B. Ginshiƙin gurbi 0 shi ne 00000001. Don samun na gaba, tura bit ɗin hagu mataki ɗaya. Idan na tara ya zama ɗaya, yi XOR da 0x19B. Maimaita har ka tara 72. Dokoki ukun nan za su cika da kansu ba tare da bincike ba, kuma tsarin zai iya kaiwa gurbi 127 in ana so. Ƙaramin misalinmu ma haka aka fitar da shi, daga x^3 + x + 1. Aibinsa ginshiƙan suna da ɗaya da yawa, kowane ɗaya kuwa ƙofar XOR ce, wato ƙarin fili da ƙarin jinkiri a hanyar karantawa.

Wanda yake son sauri sai ya fara da ginshiƙan Hsiao: 8 masu ɗaya guda na gadi, duk 56 masu ɗaya uku, da 8 masu ɗaya biyar. Jimilla ɗaya 216, kowane layi 27 idan an zaɓi masu biyar ɗin da kyau. Aikin da ya rage jeri ne kawai: wa zai zauna kusa da wa. Rubuta ƙaramar manhaja ta ɗauki ginshiƙi, ta nemi na gaba wanda haɗinsu bai taɓa fitowa ba, idan ta cije ta koma baya mataki ɗaya ta canza. Avijit Dutta da Nur Touba na Jami'ar Texas da ke Austin sun wallafa bincike irin wannan a 2007, kuma tun daga nan aka yi ta gyara shi.

Akwai dabarar da ke rage gyaran ƙarya ba tare da ƙarin bit ba. Alamu shafa'i ba nauyinsu ɗaya ba wajen jan kuskure. Ɗauki ginshiƙai 64 masu ɗaya guda da masu ɗaya uku. Kowace alama mai ɗaya biyu, kuma 28 ne, tana fitowa daga haɗi 22 daban-daban. Mai ɗaya huɗu, su 70, daga haɗi 16. Mai ɗaya shida, su 28, daga 10 kacal. Ke nan ka umarci manhajar ta fifita maƙwabtan da ba su haɗa ɗaya a layi guda ba, domin haɗinsu ya ba da shida, ta cike sauran da masu huɗu, ta guji masu biyu. Daga nan wani abu ya fito fili: kada ka jera bit ɗin gadi takwas a gefe ɗaya kamar yadda aka saba, domin kowane biyu daga cikinsu alama mai ɗaya biyu suke bayarwa, mafi cunkoso. Warwatsa su cikin na bayani. Sai dai jerin da ke cikin jadawalinka dole ya zama shi ne jerin wayoyin da ke shiga memori. Idan manhajar shimfiɗa da'ira ta sauya jerin, ko wani ya juya tsarin bayit a tsakani, maƙwabtan lissafi sun rabu da maƙwabtan siliko, kuma gwajin kwaikwayo ba zai nuna maka ba.

Mai warwarewa kansa ba shi da wuya. Bit na i yana juyawa idan sindirom ya yi daidai da ginshiƙinsa, ko haɗinsa da na hagu, ko haɗinsa da na dama, wato kwatance uku a maimakon ɗaya. Idan sindirom ba sifili ba ne kuma babu wanda ya amsa, ɗaga tutar kuskuren da ba ya gyaruwa. Fitar da tuta uku daban, ta gyaran ɗaya, ta gyaran maƙwabta, ta wanda ya gagara, kowacce da ma'ƙirginta da adireshin ƙarshe da abin ya faru.

Gwaji kuwa a yi shi duka, ba zaɓe ba, tunda adadin kaɗan ne: guda-guda 72, maƙwabta 71, waɗanda ba maƙwabta ba 2,485 a ƙirga nawa aka yi wa gyaran ƙarya a rubuta adadin a takardar aikin, sai uku a jere, su 70. Waɗannan na ƙarshe alamarsu wutiri ce, tana iya faɗawa kan ginshiƙin wani bit can nesa. Gyara su da gadi 8 ba zai yiwu ba, domin 72 da 70 sun zama 142, alamu wutiri kuwa 128 ne. Sai da na tara.

Abubuwan da ke ɓata aiki bayan an gama lissafi

Na farko tarin kuskure. Kalmar da ba a karanta ba wata shida tana iya shan bugu ɗaya yau, wani bayan wata uku, a gurabun da ba su da alaƙa, irin kuskuren da DAEC ke yi wa gyaran ƙarya ke nan. Maganinsa sintiri: ƙaramar da'ira ta riƙa bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, idan ta ga gyara ta mayar da kalmar da aka gyara cikin memori. Mayarwar ce mutane ke mantawa. Mai warwarewa yana gyara abin da ya fita ne, na ciki yana nan da ciwonsa. Memori mai kalma miliyan ɗaya, idan ana duba ɗaya a kowane milisakan, ana zagaye shi cikin ƙasa da minti 18.

Na biyu, lokacin kunnawa memori cike yake da shara, dole a rubuta kowace kalma da gadinta kafin a buɗe tutoci, in ba haka ba ƙararrawa za ta yi ta kaɗawa. Na uku, rubuta bayit ɗaya cikin kalma mai 64 yana buƙatar a karanto kalmar, a gyara ta, a saka bayit ɗin, a sake lissafa gadi. Idan karatun ya zo da kuskuren da ba ya gyaruwa, kada a lulluɓe shi da sabon gadi mai kyau. Na huɗu, kalmar da duk sifili ce halastacciya ce a wannan lissafi, don haka memorin da ya mutu yana ba da sifili zalla zai wuce a matsayin lafiyayye. Juya bit biyu na gadi waɗanda ba maƙwabta ba kafin ajiyewa, ka mayar da su wajen karantawa, ka zaɓi biyun da alamarsu ba ta cikin na gyara.

A kan layi

A waya kuskure yana zuwa ne a dunƙule, kuma ana auna shi da lokaci. A layin RS-485, wayar sadarwa ta tsakanin na'urori, mai gudun bit 9,600 a sakan, kowane bit yana ɗaukar kusan mikrosakan 104. Tartsatsin milisakan ɗaya daga kontakta ta kwampresar AC ko injin famfo zai share bit 10. A gudun 115,200 tartsatsin nan dai bit 115 zai share. Auna tsawon hayaniyar da osiloskof tukuna, ka ninka da gudun layin. Ƙa'idar Reiger ta ce gyara dunƙule mai tsawon b yana buƙatar gadi aƙalla 2b. Ƙaramin tsarinmu, mai gyara 2 da gadi 4, yana kan iyakar daidai.

Wani lokaci na'urarka ce ke haifar da maƙwabtan. A salon aikawa da ake karanta bit daga bambancinsa da na baya, kuskure ɗaya a layi yana zama biyu a jere, nan tsarin Abramson ya dace sosai. Mai hautsina bit na Ethernet mai gudun gigabit 10 kuwa yana mayar da ɗaya uku, na biyu bayan gurbi 39, na uku bayan 58, ba maƙwabta ba ko kaɗan.

Saƙa tana aiki a nan ma. Rubuta kalmomi 12 masu bit 22 layi-layi, ka aika su ginshiƙi-ginshiƙi, dunƙule mai bit 12 zai taɓa kowace kalma sau ɗaya. Kuɗinsa jira ne, domin sai bit 264 sun iso kafin a warware ta farko, milisakan 27.5 a gudun 9,600. Idan kalmomin DAEC ne, saƙar 6 ta isa, domin dunƙule mai 12 zai taɓa kowace kalma a gurbi biyu maƙwabta, jiran ya koma rabi.

Idan dunƙulen ya yi tsawo, a bar ƙirga bit a koma bayit, wato Reed-Solomon na 1960. Bayit 2t na gadi suna gyara bayit t, ko bit ɗaya ne ya lalace a ciki ko duk takwas. Tsarin DVB-S da tashoshin tauraron ɗan'adam irin na Arabsat, mai hedikwata a Riyad, suka daɗe suna amfani da shi yana ƙara bayit 16 a kan 188, ya gyara 8, da saƙa mai zurfin 12 a gabansa, saboda akwai wani mai warwarewa da ke fara karɓar saƙon, wanda idan ya ruɗe dunƙule yake amayarwa. Kada ka ce bayit 8 bit 64 ne: dunƙulen da ya fara a bit na ƙarshe na bayit yana cin gurbi guda a banza, abin da aka tabbatar 57 ne. Lambar QR da ke kan rasiɗin kowane kanti tun da hukumar haraji ta Saudiyya, ZATCA, ta wajabta rasiɗin lantarki a ranar 4 ga Disamba 2021 ita ma Reed-Solomon ce, shi ya sa ɗigon shayi ba ya hana ta karantuwa. Wayar GSM kuwa tsarin Philip Fire na 1959 ta ɗauka a tashoshin sarrafawa, gadi 40 a kan bit 184.

Ga layin famfo na yau da kullum, shawararmu kada a wahalar da kai. CRC, lambar tantance saƙo mai bit 16 ta tsarin Modbus, yana gane kowane dunƙule da bai wuce bit 16 ba, a yar da saƙon a sake tambaya. Gyara a hanya yana da riba ne inda babu damar sake tambaya, ko inda zuwa da dawowa ke cin kusan rabin sakan kamar tauraron da ke nisan kilomita 35,786. Kuma babu ECC da zai dawo da bayit ɗin da ya ɓace gaba ɗaya saboda hayaniya ta cinye bit ɗin farawa na UART, da'irar da ke aika bayit bit-bit a waya. Saƙon ya zama mai tsawo tsayayye, da alamar farawa da za a iya sake kamawa. Kafin duk wannan, murɗaɗɗiyar waya mai sulke, resista mai om 120 a kowane ƙarshe, da raba ta da bututun wayar wuta.

Ga mai kula da sabar

Kai ba za ka sauya jadawalin H ba, amma za ka iya tabbatar da yana aiki. A Linux, dmidecode -t memory zai nuna faɗin sandar DDR4: jimilla 72, bayani 64. Idan duka 64 ne, babu ECC, ko me mai kanti a Olaya ya faɗa. A kula da DDR5: kowane cif yana da gyaran cikin gida, gadi 8 a kan bit 128, amma wannan ba ya kare hanyar da ke tsakanin sanda da firosesa, kuma bai mayar da sandar ta zama mai ECC ba. Kunna sintirin memori a BIOS, saka rasdaemon, ka riƙa duba ras-mc-ctl --error-count.

Karanta adireshin, ba adadin kawai ba. Kuskuren da ƙwayar sama ta jawo ba ya komawa wuri ɗaya. Wanda ke maimaituwa a adireshi guda, ko layi guda, ko cif guda, lalacewa ce, sandar za a canza. Binciken da Bianca Schroeder da abokan aikinta suka yi a kan sabobin Google a 2009 ya gano fiye da kashi 8 cikin 100 na sanduna suna samun kuskure a shekara, yawanci irin mai maimaituwar nan, kuma zafi bai yi tasirin da ake zato ba a ɗakunan da ke da sanyaya. Akwatin da ke waje a rana a Riyad cikin watan Yuli wani abu ne daban. DDR4 ana sabunta cajinsa duk milisakan 64 har zuwa digiri 85 a jikin cif; daga 85 zuwa 95 dole a koma milisakan 32. Duba ko mai sarrafa memorin yana yin wannan sauyin da kansa, in ba ya yi, saita shi a kan 32 ɗin tun daga farko, ka kuma wanke matatar ƙurar akwatin kafin bazara ta shiga.